Akun da Ya Shiga Rabon Gado



Shekara goma sha tara ke nan muna riƙe da alƙalami a zauren dattijon unguwarmu a nan Kumasi, muna rubuta abin da aka kawo da abin da aka yanke. Littafin da ke hannunmu yanzu shi ne na shida. Wanda ya buɗe su zai tarar da abin da kowa ya sani: auren da ya yi tsami, bashin da aka ci aka yi shiru, iyakar gida da ta matsa taku biyu cikin dare, kuɗin adashi, ɗan da ya tafi Turai ya daina aike. A cikin littattafan nan shida, sau ɗaya tak muka taɓa rubuta sunan tsuntsu a gurbin da ake rubuta wanda ake magana a kansa. Mun nemi izinin mutanen gidan kafin mu kawo maganar nan, suka yarda bisa sharaɗin a sakaya sunayensu. Na tsuntsun kaɗai za mu faɗa. Sunansa Waziri.

Mai shi wani Alhaji ne ɗan kasuwar goro, jikan fataken da suka gangaro Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar can. A 1983, shekarar da manyanmu ba sa son tunawa, fari da gobarar daji suka cinye gonaki, ga kuma ɗimbin 'yan ƙasar nan da aka koro daga Najeriya sun ƙaru a kan yunwar da ake ciki. A cikin wannan hali Alhaji ya shiga wani ƙauye a kurmin yamma da Kumasi, wajen wani manomi da ya karɓi kuɗinsa tun kafin goro ya nuna. Ya tarar wuta ta lashe gonar. Manomin ya rasa abin biya, sai ya shiga ɗaki ya fito da ɗan aku a cikin kwando. Idon tsuntsun baƙi ne a lokacin, alamar bai cika shekara ba, domin sai aku ya girma idonsa yake washewa ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Alhaji ya karɓa don kada ya kunyata mutumin. Da ya zo gida ya raɗa masa suna Waziri, saboda akun nan na littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda hikimar bakinsa ta kai shi ga sarautar waziri. Mahaifin Alhaji ne ya taho da littafin daga Kano, kuma da shi Alhaji ya koyi karatun boko na Hausa.

Aku ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Can arewa tsirya aka sani, koriya. Wannan mai launin toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, daga nan ƙasar Asante har Kamaru da Kwango. Saboda haka kakanninmu sun san shi a labari fiye da yadda suka san kiwonsa, kuma a nan matsalar ta fara. Mu mutanen kiwo ne, ko a cikin birnin nan da ɗaki ya yi mana kaɗan ba a rasa akuya a ɗaure a lungu. Amma duk kiwon da muka gada yana da ranar ƙarewa, mai kiwon kuma ya san ranar tun kafin ya fara. Rago yana jiran Babbar Salla, kaza tana jiran baƙo, akuya tana jiran suna ko kuɗin makaranta. Doki ma, da ake yi wa hidima kamar ɗan sarki, in ya yi shekara 25 zuwa 30 ya gama. Aku kuwa ba mu cin namansa, ba a tatsarsa, ba ya ɗaukar kaya, kuma a hannun mai kula yakan yi shekara 40 zuwa 60. Alhaji yana da shekara 36 ranar da ya karɓi kwandon nan. Bai zauna ya yi lissafin cewa abin da ke cikin kwandon zai ga auren 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, ya kuma ji koke-koken ranar da za a fitar da shi kansa daga gidan.

Shekarun farko an yi kiwon ne da jahilci, shi da bakinsa ya sha faɗa mana. Gyaɗa da safe, gyaɗa da yamma, a cikin keji a kusurwar ɗaki inda rana ba ta leƙawa. Wata safiya Waziri ya faɗo daga kan sandarsa yana makyarkyata kamar mai farfaɗiya. Mata suka ce iska ce. Alhaji ya naɗe shi a rawani ya kai wa likitan dabbobi, likita ya ce sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙaranci a jikinsa, ciwon da wannan irin aku ya yi suna da shi idan abincinsa ƙwaya ce zalla kuma ba ya samun hasken rana. Daga ranar nan gidan ya sake tsari. Aka fito da keji baranda inda hantsi yake dukansa. Aka shiga sayen ɗanyen ƙwaƙwar manja, wadda ita ce cimarsa a daji, da ɗanyar masara, da gwanda, da ayaba, da ganye, da ɗan dafaffen ƙwai lokaci-lokaci. Aka haddace abubuwan da ba ya ci: fiya, wadda take kashe tsuntsu, da cakulan, da kofi, da abinci mai gishiri, da gyaɗar da ta yi funfuna. Har goro aka hana shi, domin abin da ke cikin goro mai hana mu barci guba ne ga tsuntsu. Gidan da huhun goro yake jibge har rufi, ga mai baki ɗaya da aka haramta wa ko ɓari.

Abinci shi ne mai sauƙi. Hayaƙi yana yi wa tsuntsu illa tun kafin mutum ya ji komai, don haka maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta suka bar wannan sashe na gidan, kuma duk wanda ya san matanmu da turare ya san ba da daɗin rai aka yi ba. Aku yana bukatar duhu da shiru na sa'a goma ko fiye kowane dare, a gidan da ake hira har sha ɗaya. Jikinsa yana zubar da wata farar ƙura mai laushi da take tayar wa mai asma ciwonsa. Bakinsa ba ya zama banza, in ba a ba shi icen da zai tattauna ba zai nemo da kansa: ya cinye gefen ƙofa, ya tsinka carbi biyu, ya taɓa mayar da rasiɗin kayan mota guda gutsi-gutsi. Kowace safiya bayan an sauko daga sallar asuba Alhaji ne yake yaye zanen keji, ya wanke kofunan ruwa da na abinci, ya share kashi, ya yayyafa masa ruwa in ana hunturu. Mun taɓa buga lissafin a bayan littafi: shekara 41, kusan safiya dubu goma sha biyar.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne zama da shi. A daji aku cikin garke yake rayuwa, kuma in ya zaɓi abokin zama ba ya sakewa. Wanda aka raba da garke sai ya ɗora wannan ɗabi'a a kan mutum ɗaya. Waziri ya zaɓi Alhaji. Shi kaɗai yake miƙa wa kai a sosa masa, kowa kuma ya kawo yatsa ya sha cizo har jini. Shekarar da Alhaji ya sauke farali ya yi mako biyar ba ya nan, ya dawo ya tarar tsuntsun ya fige gashin ƙirjinsa tas, kamar kazar da aka shirya wa tukunya. Wannan halinsu ne idan kaɗaici ko damuwa ta kama su. Tun daga nan Alhaji bai ƙara kwana fiye da uku a waje ba. Babban ɗansa da ke Hambag a Jamus ya aiko masa da takardun ziyara har sau biyu, ya ƙi tafiya. Abokansa na majalisa suka riƙa yi masa ba'a, suna cewa Alhaji ya yi mata ta uku mai fukafuki. Mu ma mun yi dariyar nan tare da su, Allah ya yafe mana.

Akan ce aku kwaikwayo kawai yake yi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku irin wannan mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007, ta nuna yana rarrabe launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida, ya kuma san kalmomi fiye da ɗari. Mu ba mu yi wa Waziri jarrabawa ba, amma mun ga bai taɓa amsa sallama ba sai an yi ta, bai kuma taɓa cewa "a sauka lafiya" ba sai baƙo ya miƙe yana neman takalmi.

Cikin shekarun nan bakinsa ya zama rumbun gidan. Yana tarin Alhaji na asuba, tari biyu da gyaran murya. Yana ƙarar tsohuwar wayar Nokia da aka jefar tuntuni. Yana cinikin goro da kuɗin da aka daina, yana cewa "dubu arba'in, albarka", alhali tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Yana cewa marsa, yana cewa minu, yana cewa daushe. Yana "lale marhabin da mutanen arewa" da irin lafazin tsofaffin da suka shuɗe. Jikokin gidan, kamar namu duka, Hausarsu ta cakuɗe da Tuwi da Turanci, sukan tsaya suna dariya suna cewa Waziri yana yaren kaka. Kuma yana kiran uwargidan Alhaji, wadda ta rasu shekara goma sha biyar kafin mijinta, da sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi, da muryarsa, da irin jan da yake yi wa ƙarshen sunan. Amarya ta yi shekara 26 a gidan, tsuntsun bai taɓa kama sunanta ba. Alhaji mutum ne mai kunya da bai cika kiran suna a tsakar gida ba bayan ya manyanta, sai dai ya yi gyaran murya. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai taɓa sanyaya mata rai ba.

Alhaji ya rasu bara, bayan jinyar kwana tara. Waziri ya yi shiru, ko ƙwaƙwa ya daina taɓawa. Ranar addu'ar bakwai, gida ya cika, malamai suna zaure, mata suna tsakar gida, sai aka ji tari biyu da gyaran murya daga baranda, sannan muryar mamacin ta kira sunan uwargida. Muna wurin. Wata tsohuwa ta saki kwano, mata suka ɓarke da sabon kuka, mu kanmu da muka san daga inda muryar ta fito sai da tsigar jikinmu ta tashi. Ku tuna amarya tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta da inda za ta. Kowace asuba mijinta da ta rasa yana tashinta da kiran wata.

Rabon gado bai ba da wuya ba. Malamai suka fitar da bashi da wasiyya, aka ba matar tumuninta, aka raba saura, namiji rabon mata biyu. Gida da shago da mota duk an yi musu kuɗi an daidaita. Aka zo kan keji, aka tsaya. Wata biyu ana ja, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, abinci kuma sai wanda ya tuna ya watsa masa gyaɗa. Ƙirjin ya sake zama fata zalla, figar ta kai har cinya. A haka maganar ta iso zaurenmu.

Ra'ayi huɗu muka rubuta. Babban ɗa, ta wayar WhatsApp daga Hambag, ya ce a aika masa, muryar mahaifinsa ce, ko nawa ne zai biya. Na biyu, wanda ya gaji shago, ya ce akwai mai saye a hannu da kuɗi masu kauri, a sayar a raba, a huta. Babbar 'yar ta ce a kai shi daji a sake shi, ya zama sadaka ga Baba. Matar marigayi ta aiko ƙaninta da magana ɗaya: ita dai a fitar mata da shi daga gidan, ko ina ne.

Dattijonmu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya sa mun yi tambaya a wajen waɗanda suka san doka kafin ranar. Aikawa Jamus ba kamar aika yaji da kilishi ba ne. Tun taron birnin Johannesburg na 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka ɗaga wannan aku zuwa rukunin farko, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ko na gida ne sai da izinin fita daga nan da izinin shiga daga can, da shaidar asalinsa, alhali Waziri shaidarsa kwando ce da manomin da ya daɗe a ƙasa. Kuma ko takarda ta samu, mai aikin dare a ƙasar sanyi, da ɗaki a bene, yaushe zai zauna da shi? Sakinsa a daji kuwa kisa ne da sunan sadaka. Tsuntsun da ya yi shekara 41 ana kawo masa abinci a kofi bai san itacen da zai nufa ba, fukafukansa ba su saba da nisa ba, kwana biyu shaho ko yunwa ko yaro mai danƙo ya gama da shi. Da aka zo kan mai saye, dattijo ya tambayi ɗan: "Me zai yi da tsohon aku figagge mai cizo?" Ɗan ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tambaya ba." Kowa a zauren ya san jan gashin wutsiyar aku da kansa suna da kasuwa a wajen masu tsubbu. Ba wanda ya faɗa, maganar sayarwa dai ba ta sake tashi ba.

Sai aka juya ga limaminmu. Allah gafarta Malam bai tsawaita ba. Ya ce ajiye tsuntsu halal ne, malamai sun kafa hujja da labarin ƙanin Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsun wasa, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrashe shi da tsuntsun ya mutu. Amma ya ce halaccin yana tafe da sharaɗi. A fiƙihunmu na Malikiyya ciyar da dabbar da mutum ya mallaka wajibi ne a kansa, in ya ƙi a tilasta masa ya rabu da ita. Ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ya ce tun ranar da Alhaji ya cika, tsuntsun nan ya zama mallakar magada gaba ɗaya, don haka yunwarsa ta wata biyun nan tana wuyan kowa gwargwadon rabonsa.

A nan alƙalaminmu ya tsaya, kuma dole mu faɗi dalili. Muna samari, ɗanmu na fari yana rarrafe, mun taɓa sayen ɗan aku a hannun wani yaro a tashar mota, don kawai a ce gidanmu akwai tsuntsu mai magana. Muka rataye shi kusa da murhu. Mako biyu ana zuwa kallo, da bai yi magana ba aka gaji da shi. Gyaɗa da ragowar tuwo, ruwa in an tuna. Wata huɗu ya yi, wata safiyar hunturu muka tarar da shi a ƙasan keji. Muka ce kwanansa ne ya ƙare, aka jefa a juji, muka tafi kasuwa. Mun karanta hadisin kyanwar nan tun muna gaban malaminmu na zaure, mun ma karantar da shi. Sai ranar nan, muna zaune da littafi a cinya muna shirin rubuta laifin wasu, muka gane da wa ake.

Dattijo ya yi shiru har aka fara gyara zama, sannan ya ce, "'Ya'yana, a cikinku wa ya san abin da tsuntsun nan yake ci?" Ba amsa. Can sai ƙaramar 'yar marigayi, wadda ba ta ce komai ba tun da aka zauna, ta ce, "Baba, 'yata ta sani." Aka kira yarinyar, shekararta goma sha huɗu. Ashe tun da ƙafa ta fara gagarar kakanta ita ce take riƙe masa buta yana wanke kofuna, kuma a wata biyun nan ita ce take ratsowa bayan makaranta da ƙwaƙwar da take saya da kuɗin tararta. Ta durƙusa ta lissafa abin da yake ci da abin da ba ya ci, ba ta manta goro ba. Ta nuna tabon cizo uku a hannunta. Ta ce bai yarda ta taɓa shi ba tukuna, amma ya fara karɓa daga yatsunta.

Wani zai zaci a nan aka tashi. Dattijo bai yarda ba. Ya ce tsuntsun nan yana iya ƙara shekara goma sha biyar, ko ashirin. Yarinya za ta tafi makarantar kwana ko ta yi aure, mijin da ba a sani ba tukuna yana iya cewa ba ya son hayaniya, ko a haifi ɗa mai asma. Ya ce kuskuren da aka yi a 1983 shi ne an karɓi kwando ba a tambayi gobe ba, ba za a maimaita shi a zaurensa ba. Aka yi wa Waziri kuɗi, aka saka shi a rabon uwar yarinyar, aka kira mijinta ya amsa da bakinsa cewa ya yarda keji ya shiga gidansa. Na Hambag ya ɗauki kuɗin abinci da na likita, kowane wata. Mai shago ya ɗauki yin sabon keji mai faɗi da tsuntsu zai iya buɗe fukafukai a ciki. Aka rubuta cewa ba za a sayar ba, ba za a bayar ba, sai an dawo zaure. Sannan dattijo ya ce mu bar layi uku babu rubutu a ƙarƙashin sunan yarinyar. Muka ɗaga kai. Ya ce, "Magatakarda, na masu karɓa ne bayanta. Ni ba zan ga ƙarshen maganar nan ba, kai ma ba ka da tabbas."

Abin da ya sa muka ga ya dace mu fito da wannan labari daga littafi shi ne yadda muke ganin samarinmu suna tura wa juna bidiyon aku yana karatu ko yana zagi a TikTok, ana tambayar ina ake samu. Sau uku a bana an tambaye mu. Bidiyon daƙiƙa talatin ne, ba a nuna wanda ya share kashi. Ba a kuma nuna inda tsuntsun ya fito. Binciken masana ya nuna cewa daga 1992 ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan aku, saboda kamu da kuma sare manyan itatuwa irin su rimi, waɗanda a kogonsu yake ƙwai. Tsuntsu ne mai jinkirin haihuwa, sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara, ƙwan kuma 'yan kaɗan ne. Ana kama su da danƙo a shafe a reshe, ko a kwashe 'ya'ya daga kogo, da yawa kuma suna mutuwa a hanya kafin su ga kasuwa. Tsofaffin masu shiga kurmi sayen goro sun ba mu labarin garken da yake wucewa da magariba yana kururuwa har ba ka jin maganar na kusa da kai. 'Ya'yansu da suke bin hanyoyin nan yau sukan shekara ba su ga ko ɗaya ba. Ba za mu ɗora wa mutanen kurmi laifin su kaɗai ba, mai kamu ba ya hawa itace sai ya san akwai mai saye, kuma mun riga mun faɗa muku abin da muka saya a tasha.

Makon jiya muka bi ta gidan, domin dattijo ya sa mu riƙa dubawa duk bayan wata uku. Keji yana baranda, gabas, an rataya masa guntun icen gwaiba duk ya tattauna. Gashin cinya ya dawo, na ƙirji ma ya fara, sai wani wuri kamar faɗin kwabo da likita ya ce wataƙila ba zai sake tsirowa ba. Matar marigayi ta fita takaba ta koma wajen danginta a Asawase. Ba ta taɓa zuwa ganinsa ba, amma kowace Juma'a almajiri yana kawo ƙullin ƙwaƙwa daga wajenta, ba saƙo. Waziri yana nan yana kiran uwargida da asuba. Ya kuma ƙara sabon abu, sunan yarinyar, da muryar uwarta in tana faɗa.

Muna shirin tafiya yarinyar ta ce, "Kawu, don Allah mene ne daushe? Kullum sai ya faɗa." Muka koma muka zauna. Muka gaya mata goron bara ne da aka adana ya kwana biyu, wanda tsofaffi suka fi so, muka gaya mata marsa manya ne, minu ƙanana, ƙwarya kuma goro ɗari. Ta ɗauko littafin makaranta tana rubutawa a bangon baya. Da muka miƙe muna laluben takalmi, aka yi tari biyu daga cikin keji, aka gyara murya, Alhaji ya ce mana a sauka lafiya.